Wutar da Na Kora

Har gobe ban manta da Talatar da na rufe wurin babbaka a gefen unguwar Mando ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in duba muhalli. Aikinmu shi ne kai takardar gargaɗi, in wa'adi ya cika mu rufe wuri. Mahautan wurin da tsofaffin tayoyi suke babbake kai da ƙafa. Hayaƙin taya kuwa in ya haɗu da hadari, yakan dawo cikin ruwan sama mai tsami, ya ci kwanon rufi, ya ɓata ruwan da mata ke tara. Shi ya sa doka ta hana ƙona taya a fili.

Wadda ta kawo ƙara wata dattijuwa ce mai ciwon fuka, Hajiya Rabi. Kwanon ɗakinta duk ya huhhuje kamar rariya.

Ranar da na kai gargaɗi, shugaban mahautan, Malam Sale, ya ce, "Ranka ya daɗe, mun ji. To da me za mu yi babbakar? Itace ya fi ƙarfinmu." Na ce wannan ba ya cikin takardata. A lokacin har daɗin amsar na ji, yau kuwa kunyarta nake ji. Wa'adi na cika na sa kwaɗo, na rubuta rahoto, darakta ya yaba mini.

Bayan mako biyu, damina ta kankama, sai ga Hajiya a ofis tana numfashi da ƙyar. Ta ajiye mini kwalbar ruwa baƙi-baƙi a kan tebur.

"Ɗana, ruwan jiya ne daga indararona. A dā wutar tana can nesa. Da ka kore su, sai suka dawo kangon da ke bayan ɗakina."

A ranar na rubuta wa darakta cewa kada a ƙara rufe irin wannan wuri sai an sama wa masu sana'ar murhun gas da wurin yi. An amince, amma takarda tafiyar hawainiya take yi. Kafin murhun ya iso, ciwon fukar Hajiya ya tsananta, ta bar gidan da mijinta ya gina, ta koma wurin 'yarta a Unguwar Sarki.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, dokar mai kyau ce, ku tsaya mata. Amma in mutum ya tambaye ku da me zai yi sana'arsa, kada ku ce ba ya cikin takarda. Ni na faɗi haka, Hajiya Rabi ta rasa gidanta.