Murfi Ɗaya a Tankin Dattijuwa

Surukina direba ne, kuma ko ba a gaya maka ba, in ka gan shi zaune a falo za ka gane, don ƙafarsa ta dama kullum tana laluben birki a kan kafet. Abokan aikinsa A-Hankali suke ce masa, sunan ya biyo shi har gida. Mu dai Baba muke cewa. Ya ja motar ma'aikatan wani kamfanin takarda tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai, bai taɓa goga wa ko keken wani ba. Abban yara, wato mijina, babban ɗansa, yakan ce yo ina za a yi hatsari, tunda mai tafiya a ƙasa ma wuce su yake yi yana ɗaga musu hannu.

Baba yana da taƙama guda wadda duk wanda ya zauna da shi ya haddace ta. A zamaninsa ya ga direbobin da ke rage fetur su cike da kananzir, ya ga injunan da aka kashe da wannan ha'incin, shi ya sa ya tsani gauraye kamar me. “Ni tankina,” in ji shi, yana buga ƙirji, “fetur zalla. Ban taɓa yin algus ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.” Ko shayi ne, in Mama, matarsa, ta cika masa madara, sai ya ce an yi masa algus.

Mota ɗaya ya taɓa mallaka, wata tsohuwa mai ruwan toka da muke kira Dattijuwa. Irin mai kafireta ɗin nan ce, wadda sai ka lallashe ta da totur kafin ta amsa. Da idon Baba ya yi rauni, likita ya ce tuƙi ya ƙare, sai Dattijuwa ta samu wurin kwana a tsakar gida, daidai inda Abban yara yake so ya ajiye tasa motar. Kullum sai ya faka a waje, kullum sai ya shigo yana ƙunƙuni.

Wata rana ya yi ta maza ya ce, “Baba, motar nan fa tsatsa kawai take tarawa. Da an bar masu gwangwan sun ja ta.”

Baba ya dube shi sama da ƙasa. “Tana tashi ko ba ta tashi?”

“Tana tashi.”

“To ka ji. Ranar da na murza makulli ta ƙi tashi, kira su su ja ta. Ba zan ce uffan ba.”

Baba ba ya magana biyu, ko da maganar za ta cutar da shi. Kuma ni da nake wuni a gida na san abin da motar nan take yi masa. Kowace safiya yakan yi wanka, ya sa riga mai guga, ya fito da tsummansa ya goge gilashi, ya shiga ya tayar da ita. Mama ta biyo shi da kofin shayi ta zauna a gefensa. Su kunna rediyo, su yi ta musu a kan labarai, mota na diri, ba inda za su. In aka ɗauke wannan, ban san abin da zai tayar da Baba daga gado ba.

Ana nan sai fetur ya canza. Aka fara gauraya shi da itanol, wani ruwa mai kama da sifirit da ake tatsowa daga rake ko masara. Motar Abban yara ko a jikinta. Dattijuwa kuwa, da ake kawo mata nata a jarka, sai ta fara tari. A murza, ta yi kamar za ta kama, ta shaƙe, sai a karo na uku ko na huɗu ta tashi tana karkarwa. Ina wanke-wanke ina jin ta.

Aka kira bakaniken unguwa, wani gajere mai surutun tsiya da ake ce wa Sifana, don ko gaisawa zai yi da kai da sifana a hannunsa. Ya buɗe bonet, ya matsa tiyon mai, tiyon ya tsage masa a hannu. Ya ce, “Baba, sabon man nan ne. Itanol ɗin yana jan danshi daga iska. Motar da ke yawo tana ƙone shi kafin ya yi ɓarna, amma taka a zaune take. Ruwa ya kwanta a gindin tanki, tsatsa ta biyo, roba ta bushe, kafireta ta toshe.” Ya canza tiyon, ya wanke abin da zai wanke, sannan ya zaro wata 'yar kwalba mai jan ruwa daga aljihu. “Ga maganin mai. Duk sanda aka zuba sabon fetur, murfi ɗaya. Yana hana man lalacewa, yana kare ƙarfe da roba.”

Baba ya karɓa, ya shinshina, ya miƙa masa abinsa. “Su sun yi wa man algus, kai kuma ka ce in ƙara wani algus ɗin a kai? Ɗauki abinka, ɗana, Allah ya yi maka albarka.”

Sifana ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Ina! Baba ya riga ya juya yana goge madubi.

Washegari Mama ta kira ni kicin ta tura ƙofa. Ita ce fa kullum take cewa motar nan ta fi ta samun kulawa, ko ciwon kai ta yi ba a goge mata goshi da tsumma. Ta yi ƙasa da murya ta ce, “'Yata, in kin fita, ki biya ta wurin yaron nan mai surutu ki karɓo min jar kwalbar nan. Kada ki bari kowa ya gani.” Na karɓo. Ta ɓoye ta a bayan gwangwanin sukari. Baba na shiga wanka, sai ta lallaɓa da zaninta a hannu, ta buɗe tanki, ta tsiyaya murfi ɗaya, ni ina gadi a bakin ƙofa kamar ɓarauniya. Sai dai Mama ba ta yarda da zancen sai an zuba sabon mai ba. Ta ce magani ai kullum ake shansa. Na ce, “Mama, ba haka ya ce ba.” Ta ce, “Ke kika haife ni ko ni na girme ki?” Na ci gaba da gadina.

Da farko abin ya yi kyau. Dattijuwa ta daina tari, murzawa ɗaya take tashi. Baba ya dinga yi wa Abban yara kallon ka gani ko. In Sifana ya wuce ta ƙofar gida, sai ya ɗaga murya ya ce, “Fetur zalla, malam!” Mama ta sunkuyar da kai cikin kofin shayi.

Bayan 'yan makonni sai salansar motar ta fara fitar da hayaƙi mai wani irin wari, kamar an ƙona man shafawa. Diri ya canza. Na ce wa Mama ta rage hannu, ta ce ai alamar magani yana aiki ke nan.

Ranar da abin ya faru, safiya ce ta hutu, kowa yana gida. Baba ya fito da rigarsa mai guga, ya goge gilashi, ya shiga. Mama ta zauna a gefensa. Ya murza. Shiru, sai kukan sitata. Ya taka totur, ya sake. Ya jira, ya shafa sitiyari, ya ce, “Haba, Dattijuwa,” ya sake murzawa. Har batir ya fara ja da baya. Na tsaya da soso a hannu, kumfa na zuba a ƙafata.

Baba ya zare makulli ya fito. Ya kira Abban yara, ya miƙa masa. “Ga shi. Kira masu gwangwan.” Ni dai hawaye ya riga ya zo min.

Abban yara ya ɗauki waya, amma Sifana ya kira. Ya ce ai ko jan ta za a yi, a san abin da ya kashe ta. Sifana ya iso da gudu, ya kwance fulogi, ya same su baƙi ƙirin, jiƙe da wani abu mai danƙo. Ya sa tiyo ya zuƙo man tanki cikin gora. Da ya ɗaga gorar sama, sai ga ruwa ja wur, kamar lemon kwalba.

“Kai!” in ji shi. “Wannan ai ba fetur ba ne da magani, magani ne da ɗan fetur. Wa ya zuba?”

Can Mama ta ajiye kofinta a kan bonet ta ce, “Ni ce. Murfi ɗaya kullum. Ka yi min faɗan in za ka yi.”

Sifana ya girgiza gorar. “Mama, ko da naki, bai kai haka ba.”

Sai na ga Abban yara yana sosa ƙeya. Wai shi ma, duk safiyar da zai fita aiki, yakan tsaya ya tsiyaya murfi biyu, don a ganinsa motar ta tsufa, ɗaya ba zai ishe ta ba. Na ce, “Kai? Kai da kake kwana kana tashi da zancen wurin fakin?” Ya ce, “To ya za a yi? Ni na fara maganar masu gwangwan, ban san yadda zan janye ta ba.” Na so in yi dariya, na so in shaƙe shi.

Sifana ya sake duban gorar, ya ce shi fa har yanzu lissafin bai cika masa ba.

Sai Baba ya nufi motar. Ya buɗe ƙofar direba, ya durƙusa da ƙyar, ya lalubi ƙarƙashin kujera. Ya fito da jar kwalba, babba, ta fi ta Mama girma, saura kaɗan a gindinta. A wani shago can nesa ya saye ta, inda ba a san shi ba.

“Ba na ganin murfin,” in ji shi. “Sai dai in kafa bakin kwalbar in saurara. In na ji ta yi ƙut-ƙut sau biyu, sai in ɗaga.”

Mama ce ta fara fashewa da dariya. “Fetur zalla!” in ji ta, tana nuna shi, tana share ido da gefen mayafi. “Shekara da shekaru ana hana ni sa madara a shayi!” Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara.

Amma da dariya ta lafa, sai ya ce magana dai magana ce, ya murza ta ƙi tashi. Abban yara ya ce, “Baba, ba ita ta ƙi ba. Mu uku muka taru muka shaƙe ta.” Sifana, wanda ya riga ya zubar da jan man yana wanke fulogi, ya sa baki. Ya ce zai tayar da ita yanzun nan, amma a ji gaskiya: magani yana taimako, in an bi ƙa'ida, mutum ɗaya, murfi ɗaya, a kan sabon mai. Sai dai motar da ba ta taka titi, komai aka zuba mata, wata rana za ta kwanta. Dole a riƙa fita da ita tana ƙone man, ana cika mata sabo.

Kowa ya san abin da hakan yake nufi. Tunda Baba ya sayi Dattijuwa, ba wanda ya taɓa zama a bayan sitiyarinta sai shi. Ya daɗe yana kallon motar. Sannan ya miƙa hannu, Abban yara ya mayar masa da makulli. Na zaci aljihu zai sa. Sai ya juyo wajena.

“Wannan,” ya nuna ɗansa da haɓa, “tuƙinsa kamar wanda aka biyo. Ke kuwa ina jin yadda kike shigowa da motarsa. Ba ki taɓa sa giya ta yi ƙara ba.” Ya sa min makullin a tafin hannu, ya rufe yatsuna a kai.

Yanzu duk ƙarshen mako muna fita. Kwalbar magani tana hannuna ni kaɗai, Mama ta rantse ta daina, ko da yake na canza wa tawa maɓoya. A gidan mai Baba yakan kau da kai sanda nake tsiyaya murfin, wai yana duba taya. Mama tana baya da shayinta a fulas, tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta.

Ranar farko, da Dattijuwa ta tashi, Baba ya nufi ƙofar direba kamar kullum, har ya kama hannun ƙofar. Ya tsaya. Sai ya saki, ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet, ya shiga ɗaya gefen, inda Mama take zama. Na kasa duban sa. Muka fita daga get, muka hau titi, ƙafarsa ta dama tana ta neman birki a inda babu. Da muka yi ɗan nisa, ya sauke gilashi, iska ta shigo, ya rufe ido yana sauraron injin.

“Sa mata giya ta uku, 'yata,” in ji shi. “Tana so.”