Wutar da Take Jin Maganar Waya

Wautata ba ta ƙuruciya ba ce, da furfurata na yi ta. Ni da karatuna bai wuce aji biyu na lakwal ba, wanda ko saƙo aka aiko mini a waya sai na nemi mai karanta mini, ni ne na tashi na sa wa gidana wutar da ba ta jin maganar kowa sai ta waya.

Idon Hajiya, matata, ya fara yana. Da rana tana gani dishi-dishi, amma magariba na yi sai lalube. Tsakanin ɗakinta da tsakar gida akwai ɗan dandamali, tudunsa bai kai taƙi ba, shi ne ta yi tuntuɓe da shi rannan da buta a hannu. Ba ta ji ciwo ba, amma labari ya kai Maruwa, wurin babbar 'yarmu da ke aure a unguwar Dugoy. Ta kira ni ta ce, "Baba, in ba za a iya kula da Inna ba, a kawo mini ita."

Maganar ta soke ni. Hajiya kuwa ta ce ita ba inda za ta, a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan za a ɗauki gawarta. Na bugi ƙirji na ce su bar mini.

A unguwar Rumde Ajiya, nan Garwa, akwai wani shagon kayan waya da nake wucewa kullum. An zagaye ƙofarsa da wata siririyar wuta kamar igiya, tana ja tana kore. Na shiga na tambaya. Mai shagon ya fito mini da iri biyu, a naɗe kamar faifan zare. Ya ce ɗaya fara ce zalla, a jona ta da makunnin bango, a kunna a kashe. Ɗayar kuma mai wayo ce, launi iri-iri, daga waya ake ba ta umarni, da ɗan rimot ɗinta.

"Baba, in don tsohuwa ce, ɗauki farar," in ji shi.

"Wa ya ce maka tsohuwa ce? Kai dai miƙo mai wayon."

Gaskiya ba Hajiya nake hange ba a lokacin. Abokaina na majalisa nake hange, yadda za su buɗe baki in na danna waya gida ya koma shuɗi. Ya saka mini abin a waya, ya nuna mini hotunan da zan riƙa taɓawa, tun da rubutun ba nawa ba ne. Ya kuma ja kunnena: kada a yanke mata kuran, wato lantarki, daga bango, in an kashe makunni waya ba za ta same ta ba.

Na ƙi kiran mai gyaran wuta. Farko na datse ta da almakashi inda raina ya so, ashe akwai 'yar alamar da ake yankewa a kai, guntu guda ya mutu nan take. Na manna saura a gindin bango, daga ƙofar Hajiya, ta bi bakin dandamali, har wajen randa. Zafin Garwa bai bar ni na yi alfahari ba. Kafin la'asar gam ɗin ya saki, igiyar ta zube ƙasa kamar saɓar maciji. Sai da na nemo ƙananan ƙusoshi masu kan roba na kafe ta. Daga nan na yi babbar gwanintata: na kwance tsohon ƙwan da ke saman ƙofa, na cire makunnin da ke gefenta, na haɗe wayoyin kai tsaye, na toshe ramin da siminti. Kada wani ya kashe mini bisa kuskure.

Kuma ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Na tsayar da ita a kan fari mai ɗan ruwan ƙwai, Hajiya ta ce tana ganin layin sarai, tana bin sa kamar hanya. Na kira Maruwa na ce a kwantar da hankali. Wani lokaci in tana alwala sai in mai da ita kore don tsokana, ta ce, "Alhaji, kai dai ba ka girma."

Ranar da na tafi Ngong sayen masara, na bar wutar a kunne, na saka wayar a aljihu, har da rimot ɗin, don in nuna wa dillalai. Abin da ban sani ba, ko aka gaya mini ban ji ba, shi ne in aka ɗauke kuran aka dawo da shi, wutar ba ta komawa inda aka bar ta. Sai ta shiga ƙyafte-ƙyafte, ja, shuɗi, duhu, kore, kamar ƙofar gidan rawa. Mu kuwa a lokacin zafi ɗauke wuta ba labari ba ne.

Da magariba maƙwabciyarmu ta kira ni. Ta ce gidanku na walƙiya, Hajiya na neman yadda za ta kashe. Ina tsaye bakin titi tsakanin buhuna, na yi ta danna hotunan nan, ina cewa, "Ta mutu? Yanzu fa?" Ashe wayar ba ta kaiwa sai kana cikin gidan. Ina cikin dannawa na ji salati ta cikin wayar.

Daga baya Hajiya ta ba ni labari, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta fito ne da buta, dandamalin yana bayyana yana ɓacewa. Ta kai hannu bango inda makunni yake tun zuwanta gidan, ta shafo siminti. Ta ƙara matsawa tana lalube, ƙafa ta zarce. A kan hannun dama ta faɗi, ƙashin wuyan hannun ya tsage.

Na iso na tarar an ɗaure hannun a asibiti. 'Yarmu ta zo washegari, ta gaishe ni har ƙasa, ta shiga haɗa kayan uwarta. Ni kuma na ɗauko guduma na fasa simintin da na yi, na mai da makunni da ƙwai yadda suke. Igiyar ban cire ba, na dai zare ta daga kuran. Har yau tana nan a gindin bango, ta yi ƙura, Hajiya kuma tana Dugoy. An ce sai hannu ya warke, an ce sai an yi aikin ido, yanzu an daina faɗin sai yaushe.

Ranar tafiyarsu Maruwa, da za su fita, Hajiya ta tsaya a ƙofar ɗakinta, ta kai hannun hagu ta taɓa makunnin, ta kunna, ta kashe. Na matso zan riƙe ta ta sauka daga dandamalin, ta sauka da kanta.

"Alhaji," ta ce, "ni ban taɓa ce maka gidan nan da duhu ba. Hannuna ya san inda komai yake. Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"