Ranar da Na Haɗa Wayoyin Amfili da Hannuna

Ko da Allah zai ƙara mini shekaru ashirin a kan waɗanda na yi, ba zan manta da ranar da na sa wa motata sabon amfili ba.

Bayan na yi ritaya daga aikin layukan tarho, jina ya fara raguwa. A cikin rediyon motar kuwa akwai kaset ɗaya da ba na fitarwa: saƙon da mahaifiyata ta ɗauka da bakinta ta aiko mini daga Kano kafin rasuwarta, kamar yadda iyayenmu da ba su rubutu kan yi a da. Shi kaɗai ne, ba shi da kwafi. Kaset na juyawa, amma maganarta ba ta isa kunnena sosai. Sai na shiga kasuwar Mokolo na sayo amfili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti.

Maƙwabcina a unguwar Briqueterie mai gyaran wayoyin mota ne, magidanci mai ladabi. Ya zo da ɗan ƙwan fitilarsa na gwaji, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari.

"Baba, motocin nan na hannu, makanikai goma sun taɓa su kafin su iso gare ka. Launin waya ba abin yarda ba ne. Bari in gwada su ɗaya bayan ɗaya, in sa fis da zai katse wuta idan ta yi yawa."

"Ɗana," na ce masa, "lokacin da nake karatun launin waya, babanka ko aure bai yi ba."

Ya yi murmushi, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba," ya koma bakin aikinsa.

Bayan la'asar na haɗa ja da ja, baƙi da baƙi, yadda aka koya mana a makaranta. Na murɗa makulli. Muryarta ta fito tar, tana kirana da sunan yarinta. Ban gama jin gaisuwarta ba sai ga ƙauri, sai hayaƙi. Ashe baƙar wayar da na ɗauka ta ƙasa ce, wato marar wuta, wani ya taɓa jona ta da batir kai tsaye. Kafin in kai ga cire batir, cikin rediyon ya narke, har da kaset.

Maƙwabcin ya zo a guje, ya zaro abin da ya rage da filaya. Bai tuna mini da gargaɗinsa ba. Ya dai ce, "Sannu, Baba." Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na gane cewa ilimin da na samu takarda a kansa gaskiya ne, amma na zamaninsa ne. Wanda hannunsa ke cikin aikin yau shi ake saurara, ko da sa'an jikanka ne. Na koyi haka a makare, kuma da muryar mahaifiyata na biya.