Tsibirin da Ya Tafi da Kawuna

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har shekaruna ba na iya faɗa daidai, amma sanyin da muka yi ni da kawuna cikin jirgin ruwa, wannan kam sai dai kabari ya raba ni da shi.

Shekarar babban farin nan ce. A ƙauyenmu na yamma da Gidan Rumji gero bai kai gwiwa ba ruwa ya ɗauke. Rumbuna wayam, shanun Fulani na faɗuwa bakin rijiya, mata na tona gidan tururuwa suna neman tsaba. Kawuna, ƙanen innata, shi ke fiton mutane a gulbi da damina, don haka yake ganin ya san ruwa. Ya ce mu tafi tabkin Cadi mu kama kifi mu aiko gida da hatsi. Ranar tafiya Inna ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanena ne, amma ƙirjinshi ba ya son sanyi. Ka kula mini da shi." Na ce to. Muka hau kamyo, babbar motar kaya, muka bi ta Agiye da Gazawa, muka yi ta gabas har Gigimi.

Can wani mai jirage ya ba mu jirgin katako, kifin da muka kama mu raba da shi. Ba inji. Buhunan dawar agaji aka farke aka ɗinke, aka ɗaura wa doguwar sanda, iska ta tura. In iska ta ƙi, sai gora da ƙarfin kafaɗa. Abu ɗaya mai jiragen ya ce mana: "Ku ci cikin jirgi, ku kwana cikin jirgi." Ba mu tambaye shi dalili ba. Ni na zaci macizai yake nufi.

Jirgin nan ya zama ɗakinmu wata biyu. Murhunmu kasko ne cike da yashi, nan muke dafa kifi, nan muke banda. Da safe aikin farko kwarfe ruwan da ya tsattsafo, da ƙwarya, hannu na karkarwa. Alwala kuwa, wayyo! Ka tsoma hannu ka ji har cikin haƙori. Ƙafafuna suka tsage, bargonmu ɗaya kullum a jiƙe. Tururi kan kwanta bisa ruwa har hantsi, ba ka ganin ƙarshen jirginka. Ga shiru. Ni da na saba da kukan jaki da dakan mata, sai na kwana uku ban ji muryar kowa ba sai ta Kawu. Shi ko tsiya yake mini: "Manomi bisa ruwa! Riƙe gorar nan da kyau, ba hauya ba ce."

Sai tari ya kama shi. Wasa-wasa har ya kasa zama, jiki zafi rau. Duk lilon da jirgi ya yi sai ya yi nishi. A garinmu kuwa marar lafiya ƙasa ake shimfiɗa masa, a hura wuta kusa da shi. Wata safiya na hangi tsibiri, doguwar ciyawa kore shar, har da tsuntsaye. Rabona da ganin kore haka tun kafin fari. Na taka, na ji taushi, na ce dausayi ne. Na sare ciyawa na yi masa 'yar bukka, na kai tabarma da bargon, da kaskon wuta, da buta, da kwanon ƙarfe cike da kifi.

Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, mai jirgi ya ce mu kwana cikin jirgi."

Na ce, "Kawu, ba kwana za ka yi ba. Ka sha rana, bayanka ya ji ƙasa. In duba ƙugiyoyi in dawo kafin la'asar."

Ya kwanta, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Kai, ƙasa da daɗi." Wallahi daɗin da na ji a lokacin, sai na ga kamar na warkar da shi.

Iska ta taso da azahar. Na gama da ƙugiyoyi na dawo inda na bar shi, na tarar da ruwa. Ruwa kawai, shimfiɗe, ko tsinke babu. Ga sandar da na kafa a taɓo don alama kafin in tafi tana tsaye ita kaɗai. Na murza ido. Na ce ɓata na yi, na zagaya, na sake dawowa kan sandar nan. Na karanta duk abin da na sani na tsari, don a raina na gama yanke cewa mutanen ɓoye ne suka shimfiɗa mini tarko, ni kuma na miƙa musu kawuna da hannuna.

Washegari cikin tururin safe na ji ƙarar ƙarfe. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Kwanon nan ne, yana buga shi da wani abu. Na ƙwala kira, "Kawu!" Na tura jirgi dama, ƙarar ta koma hagu. Na juya, ta koma bayana. Hanyar ruwan da na bi jiya yau ciyawa ta toshe ta, inda babu hanya kuma ta buɗe. Yini guda ina bin ƙarar nan har tafin hannuna ya sale. Rana ta biyu ta ragu, sai a buga ɗaya a daɗe. Rana ta uku ban ji komai ba.

A ranar na gamu da wani dattijo Babudume, ɗaya daga mutanen da ake haifa cikin tabkin. Ina kuka ina ba shi labarin aljannu. Ya ja ni zuwa wani tsibiri, ya ɗaga gorarsa ya caka a tsakiya. Gorar ta shige, ta shige, har ta ƙare, ruwa ya ɓulɓulo. Ya ce da 'yar Hausarsa, "Ba ƙasa ba ne. Ciyawa ce ta saƙe, tana yawo. Inda iska ta je, nan take zuwa." Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, ya ce in ɗaura buhunan nan a sanda in bi shi.

Kafin azahar muka sami tsibirin Kawu. Abin da na yi kwana uku ina nema, mutumin nan bai yi rabin yini ba. Kawu na kwance bisa tabarma, lulluɓe da bargon, kwano a gefensa, wuta ta daɗe da mutuwa. Ya cika. Abin da har yau nake gani in na rufe ido shi ne karare. Ya kakkafa kara a gaban tabarma don alƙibla, amma ba ɗaya ba. Guda bakwai na ƙirga, kowanne na duban wani gefe dabam, sun kusa kewaye shi. Tsibirin juyawa yake yi da shi. Duk sallar da ta zo sai ya dubi rana, ya ja jiki, ya sake kafa wani.

Muka ɗauko shi cikin jirgi, muka kai shi tudu na gaske. Sai da na haƙa da hannuna na ga jar ƙasa busasshiya kafin na yarda a sa shi.

Na koma gida da buhu biyu na gero da bargon. Inna ta karɓi bargon, ta daɗe tana shafa shi. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ta yi: "A ƙasa ya cika, ko a ruwa?" Har ta koma ga Allah ban ba ta amsa ba.

Yanzu na tsufa, kuma abin da na koya ke nan: ba mugunta kaɗai ke kashe mutum ba, har da ƙaunar wanda bai tambaya ba. Na so kawuna, na yi masa abin da ake yi a garinmu, a wurin da ba garinmu ba. Kalma ɗaya ce, "don me?", da na yi wa mai jirgi ita, da wataƙila tare muka dawo. Shi ya sa duk inda na sauka baƙo, in mutanen wurin suka ce kar a yi abu, ba na barin wurin sai na ji dalili.