Ɗiyar Musa da Na Ɗauko a Wara

Ku matso kusa ku ji wani abu da ya same ni shekara bakwai da suka wuce. Ko tsufa ya kwashe mini komai a ka, wannan kam ba zan manta da shi ba.

Ni mace ce mai zaman gida, kuma mai surutu, ba na ɓoyewa. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Ina tsakar gida nake gane takun Malam, maigidana, tun yana kwanar masallaci. In maƙwabciya ta yi sallama, daga muryarta nake sanin ko gishiri ta zo nema ko faɗa suka yi da mijinta. Har alfahari nake yi da kunnen nan. To, shi ne ya kunyata ni.

A shekarar ne muka aurar da autarmu, aka kai ta Kwantagora. Gidan da ya saba da hayaniyar 'ya'ya biyar ya koma daga ni sai tukwane. Malam tela ne a kasuwar Yelwa, in ya fita da safe sai la'asar. Sai na riƙa kama kaina ina ba murhu labari. Abinci ma na rage ci, har zanena ya fara zamewa.

Wata ranar da hantsi ƙanwata da ke aure a Wara ta bugo mini waya. Layin sai ƙarar iska yake yi, magana na zuwa tana yankewa.

Ta ce, "Yaya, kina ji na? Akwai wata marainiya nan. Lokacin da ruwa ya cika, masunta sunka tsamo ta cikin wani tsohon jirgi. Uwar kuwa, ruwa ya tafi da ita. Wata Inna ce mai bandar kifi ke riƙonta."

Na ce, "Inna lillahi! Ɗiyar wa ce?"

Ta faɗi wata kalma, layin ya cinye rabinta. Ni dai abin da na ji shi ne, "Ɗiyar Musa."

Na ce, "Allah sarki! Shi uban yana ina?"

Sai ta kwashe da dariya. "Uban? Yana nan bayan kasuwa yana satar kifin mutane."

"To ya yarda a ba da ita?"

"Yaya ke nan! Wa za ya tsaya tambayar shi?"

Na ji haushin dariyar nan, amma na danne. Na tambaye ta watan yarinya nawa, ta ce biyu, har ta fara cin kifi. Na dafe ƙirji na ce, "Wata biyu? Kifi? Ku ji tsoron Allah a garin nan!"

Ta ce, "Ke na tuna, don na san gidan ya yi miki shiru. Innar ba ta iya ci gaba, lokacin banda ya kama. In ba a samu mai ɗauka ba kafin ranar kasuwa, maƙwabta sun ce za su..." Sai layin ya mutu. Na yi ta bugawa har na gaji, bai sake shiga ba.

Da Malam ya dawo, ko buta ban bari ya ɗauka ba na zayyana masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Riƙo ba wasa ba ne, amana ce. In kin ɗauka, babu mayarwa don kin gaji." Na ce na ji na yarda. Washegari sai ga shi da wata leda, ya ajiye gabana yana kallon bango. 'Yan riguna ne guda biyu, har da kwalliya a wuya. Ya ce, "Ragowar yadi ne, kada ki ɗauka wani abu."

Ni kuwa kafin mu tashi na gaya wa unguwa kaf. Na ciro zanen goyon da na goyi autata da shi, na wanke, na turara. Muka sayi goro da sabulu na kai wa dangin yarinya, muka hau motar Wara.

Ƙanwata ta tarbe mu a tasha, ta ja mu zuwa wani gida kusa da bakin ruwa. Tun daga nesa hayaƙin banda ya cika mana hanci. Muka samu Innar, tsohuwa gajera mai idon wasa, tana juya kifi. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya. Ni dai kunnena na can yana neman kukan jariri, ban ji ba.

Malam ya gyara zama ya yi gyaran murya. Ya ce, "Inna, mun zo karɓar amana. Amma kafin nan muna son mu gana da mai unguwa da dangin uban."

Tsohuwa ta dube shi, ta dubi ƙanwata. Ta ce, "Dangin uban? To ga ɗaya can bisa danga yana lasar hannu."

Muka waiwaya. Wani ƙaton muzuru ne zaune.

Kafin in haɗa lissafin a kaina, Inna ta jawo wani kwando daga gefen banda ta yaye tsumman da ke kai. Sai ga wata 'yar abu fara mai baƙin kunne ɗaya, ba ta fi tafin hannuna ba. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Miyau."

Ku da kuke cewa kyanwa ko mage, mu nan ƙasar mussa muke ce mata. Ɗiyar mussa ƙanwata ta ce. Ni da aka haifa cikin harshen nan, ni mai kunne, na ji ɗiyar Musa!

Da ƙanwata ta ga zanen goyo a cinyata da 'yan rigunan, sai ta faɗi bisa tabarma tana riƙe da ciki. "Yaya! Wayyo Yaya! Har da riga?" Malam ya cire hula yana fifita da ita, yana cewa, "Ni da na kusa kai muzuru gaban mai unguwa." Matan gidan suka fito, dariya ta kaure.

Ni ma na fara dariyar, amma ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba. Kwana biyu ke nan ina yi wa yarinyar nan wasa a raina, har na zaɓa mata inda za ta kwana. Na miƙe na ce, "Malam, tashi mu tafi."

Inna ta riƙe gefen mayafina. Ta ce, "Zauna, ɗiyata, ki ji." Ta ba ni labarin yadda aka kawo mata 'yar mussar idonta ko buɗewa bai gama yi ba. Da auduga take ɗiga mata madara, tana ajiye ta gefen banda don ɗumi. Ba ita ce ta farko ba, duk wadda aka tsinta a bakin ruwa ita ake kawo wa, ta rena ta nema mata gida. Amma wannan ta fara hawa kan kifin maƙwabta, sun kuma ce ranar kasuwa za su sa ta a jirgi su jefar da ita wani tsibiri.

Ta ce, "Mutum uku sunka zo nemanta don ɓerayen rumbu, na hana. Kowa da buhu ya taho. Ke kaɗai ce kika taho da zane."

Ina nan tsaye ina kallon kwandon. Zanen ya zame daga hannuna ya faɗi kan tabarma. Sai 'yar banzar nan ta fito daga kwando tana tangaɗi, ta shinshina turaren, ta juya sau biyu a tsakiyar zanen, ta kwanta abinta.

Malam ya mayar da hularsa. Ya ce, "Ai na gaya miki tun a gida, babu mayarwa."

Aka raba goron nan, aka yi addu'a. Inna ta kafa mini sharuɗɗa: in riƙa cire mata ƙaya a kifi, kada a watsa mata ruwa don har yanzu tana tsoronsa, kuma in riƙa aiko da labarinta. Da za mu tafi ta juya mana baya tana gyara wutar banda, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Mun iso Yelwa muka tarar da matan unguwa cike da tsakar gidana, sun zo ganin baƙuwa. Wata har da farfesu. Da na buɗe zanen, guɗar da aka fara ta tsaya a maƙogwaro. Dariyar da aka yi a Wara wasa ce kan ta ranar. Daga nan sunan ya bi ta. Har yau Ɗiyar Musa ake ce mata, ni kuma Innar Ɗiyar Musa. Rigunan kuwa jaririyar maƙwabciyata ce ta ci rabonsu.

Yanzu haka tana nan kwance kan ƙafata. Ita nake ba labari ina tuƙa tuwo, kuma ba ta taɓa cewa na cika surutu ba. Tare muke cin abinci, zanena ya daina zamewa. Malam da ya ce ba ruwansa, ba ya shigowa gida babu ƙullin kifi a aljihu. Ta haihu sau da yawa, ni ma na koma mai riƙo, duk wanda ya zo neman 'ya'yanta da buhu, hanyar da ya biyo nake nuna masa.

Abin da na koya shi ne kunne bawan zuciya ne, abin da take marmari shi yake jiyo mata. Na tafi neman wadda zan rena, kuma Allah Ya ba ni ita, sai dai ba a siffar da na zana ba. Da na bi kunya na juya a ranar, da ita tana can tsibiri, ni ina nan ina hira da murhu.

Ku fa, da ku ne tsaye a kan tabarmar nan ana yi muku dariya, za ku ɗauki zanen ku kaɗe, ko za ku naɗe shi da abin da ke ciki?