Bokiti Na Bakwai

Shekara talatin da takwas Mai Aski ya yi yana sunkuyar da kawunan maza. Alƙali ya duƙa masa, ɗan sanda ya duƙa masa, har mai gidan hayarsa in ya hau kujerar nan sai ya bi umarni. Sai hannu ya fara rawa. Da fari cokali ne kawai ke kaɗa ƙararrawa a kofin shayi. Ranar da almakashinsa ya ɗanɗani kunnen wani direban tanka, maƙwabcinsu na hawan ƙasa, Mai Aski ya rufe shago, ya naɗe injin askinsa a tsumma, ya koma gida.

Namijin da ba shi da wurin zuwa kuwa kabad ne a tsakiyar ɗaki, kowa ya gifta sai ya yi karo da shi. Matarsa, wadda 'yan benen ke kira Rediyo don ba a taɓa jin batirinta ya mutu ba, ta yi haƙuri wata biyu. A na uku sai ga maigida yana hawo da bokitan fenti guda bakwai zuwa hawa na huɗu.

Ya huda gindinsu da ƙusa, ya zuba tsakuwa, ya cika su da ƙasa da ruɓaɓɓen kashin kaji, ya jera a barandar da aka lulluɓe da ragar sauro. Nan Rediyo ke shanya.

"Malam, gona ce a sama? Saura ka hawo da shanun huɗa."

"Tumatir ne, uwar yara. Za ki daina zuwa kasuwa."

"Allah Ya nuna mana. Ni dai zannuwana na ji wa."

Ya riƙa ɗura musu taki kamar mai kiwon rago. Ganye ya yi buzu-buzu, irin kan da ya shekara bai ga almakashi ba. Fure ya fito rawaya gwanin kyau, ya kwana uku, ya zube. Kullum Rediyo na sharewa tana yi wa furen ta'aziyya da ƙarfi, yadda na ɗaki zai ji.

Rannan ta dire bahon wanki a gabansa.

"Wata guda na ba ka. In ban ga ɗan tumatir ko ɗaya ba, bokitan nan bola za su, in karɓi barandata."

Shi ya san ba bokiti za a zubar ba, dalilinsa ne na tashi da safe.

Ya rage kashin kaji, ya koma ruwan ɓawon ayaba da 'yar toka. Ya yi wa kowanne gyaran fuska, yana tsinke 'yan tohon da ke leƙowa a hammatar reshe. Fure ya ƙaru, zubewa ma ta ƙaru. A mako na uku sai ga abin mamaki: bokiti na bakwai, na bakin ƙofa, ya ɗauki 'ya'ya kore shar, ƙanana kamar maɓallin riga. Sauran shida ko ɗaya.

Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, rana ɗaya. Kwana biyu yana zaune a kan 'yar kujerarsa yana kallonsu kamar mai jiran su yi bayani. Rediyo ce ta gaji da tsallake ƙafafunsa.

"Wai tunanin me kake yi haka? Ba sandar wannan na bakin ƙofar kake dafawa ba duk sanda za ka miƙe? Kullum sai ka girgiza bawan Allah kamar ya yi maka sata."

Mai Aski ya dubi hannunsa. Ya miƙa shi a hankali ya kama sandar da ya ɗaure tumatirin da ita. Hannu ya yi abin da ya saba, reshe ya ɗauki kyarma, kuma a cikin hasken hantsi ya ga wata 'yar ƙura rawaya tana zubowa daga bakin furen. Ashe ragar sauron nan ta hana ƙudan zuma shiga, bangon maƙwabta ya tare iska. Furen ba yunwa yake ji ba, mai kaɗa shi ya rasa.

Ya shiga ɗaki ya kwance tsumman nan, ya cire wa injin haƙora, ya jona shi a wuta. Duk hantsi sai ya bi bokitan ɗaya bayan ɗaya yana ɗora bayan injin a kan sandar fure, inji na rawa, hannu na taya shi.

"Duƙa kaɗan, ranka ya daɗe. Yauwa. Saura gefen hagu."

Wata ya cika, babu wanda ya tuna da bola. Da 'ya'yan suka nuna, rassan sai da aka ƙara musu igiya. Rediyo ta shaƙe faranti da jajaye, ta sauka bene tana tsayawa a kowane hawa wai gwiwa ce ke damunta.

"Na Malam ne. A'a, ba na sayarwa ba ne, gani kawai za ku yi."

Shanya kuwa ta koma kan ƙarfen matakala, kuma duk wanda ya yi magana sai ya ji labarai na ƙarfe bakwai.

Ba a yi mako ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Direban tanka ne, ya ja hula ta rufe kunnen da ya sha almakashi.

"Baba Mai Aski, matata ma ta shuka a robobi, fure sai zubewa yake. Ta ce ko za ka sauko ka taɓa mana su da hannun nan naka."

Mai Aski ya naɗe wayar injinsa, ya sa takalmi, ya wuce gaba.

"Mu je, ɗana. Kuma ka cire hular nan ka sha iska. Tumatir ba shi da kunne."