Kayan Saƙo a Hanyar Kango

Unguwar Nombakélé, Gabon, biyar da rabi na asuba

Muna idar da salla na tada mota. Ba tafiyar ba ce tukuna, gwaji ne. Shekara bakwai rabon matata Hajara da mahaifiyarta, ga tsohuwar can Garwa, a arewacin Kamaru, ƙafa ta soma gagararta. Na yi alkawari hutun bana ni da kaina zan tuƙa mu har ƙofar gidansu, mu ga Kamaru a hanya, mu huta da zaman shago. Takardu kuwa na haɗa su tsaf: lasin, inshorar ƙetare da ake kira kart roz, katin rigakafin shawara, har da abin kashe gobara da jandarmomi ba sa gajiya da tambaya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne saƙo. Mutum ɗaya na gaya wa a masallaci, kafin mako falona ya zama sito. Buhun busasshen kifi zuwa garin Gaundare da ke kan hanyarmu, jarkokin manja biyu, batirin sola, sai keken ɗinkin da Alhaji Bello, dattijon layinmu, ya saya wa 'yarsa da mijinta ya rasu can Kamaru. Kun san halinmu, ba a duban idon mai saƙo a ce masa a'a. Isufu bakanike, mutumin Maraɗi mai gareji a unguwar Sotega, shi ya ce in loda komai kamar ranar tafiya, in je garin Kango in dawo. A cewarsa gara in ji kunya kusa da gida.

Ntoum, bakwai saura kwata

Kilomita kusan arba'in, motar tana tafiya kamar tsohuwar da ta ɗauko ruwa. A shingen farko jandarma ya duba takardu ɗaya bayan ɗaya, bai sami abin cewa ba, ni kuma sai wani ƙara gyara zama nake. Sai ya zagaya baya, ya ga tayoyi sun kusa shigewa cikin jikin mota, ya tambaye ni da Faransanci ko mun tashi daga Gabon ke nan gaba ɗaya. Hajara ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba.

Ntoum zuwa Kango

A nan hanya ta nuna mana halinta. Duk ramin da muka faɗa sai cikin mota ya daki ƙasa, in ji shi har cikin haƙorina. Wajen ƙarfe tara, daidai wani ƙauye da aka rataye naman daji a bakin titi, salansa ta sake ta kama jan ƙasa. Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi da sabuwar shaddata na ɗaure ta da waya. Na fito na kakkaɓe ƙura, muka ci gaba da tafiya.

Kango, goma da rabi

Kilomita kusan ɗari muka yi cikin awa biyar. Muka zauna kusa da gada, muka ci gasasshen kifi da rogo, amma ni ban ji ɗanɗanonsa ba. Na kira Isufu. Ya ce ko dai in rage kashi ɗaya cikin uku na kayan, ko in manta da Garwa, don hawan da ke can gaba wajen garin Ndjolé ba ya wasa da mota mai nauyi.

Na tsaya ina kallon kayan. Na wa zan mayar? Keken Alhaji Bello ya fi komai nauyi, amma da shi baiwar Allah za ta ci abinci. Ina cikin wannan sai na ga Hajara ta buɗe but ɗin mota, tana jan babban akwatin da ta yi shekara biyu tana tara wa mahaifiyarta kaya a ciki: atamfofi, tukwane, bargo.

Na ce, "Maman Amina, me kike yi haka?"

Ta ce, "Baban Amina, Inna ni take son gani, ba atamfa ba. A bar na mutane, a sauke nawa."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na mayar da akwatin, na ce a gida za a yi wannan maganar. Muka juyo a hankali, muna lallaɓa kowane rami.

Gida, bayan la'asar

Ban ce wa kowa ya ɗauki kayansa ba. Labarin gwaji kawai na bayar a ƙofar masallaci, har da abin da Hajara ta yi a Kango. Kafin magariba mai manja ya zo da kansa, ya ce ashe ma a Kamaru ya fi araha. Mai batiri ya tuna yana da direban da ya sani. Mai kifi bai ma tsaya neman dalili ba, ya saɓa buhunsa ya tafi. Da Alhaji Bello ya iso da sandarsa zai karɓi keken, Hajara ce ta tare ƙofa, ta ce, "Baba, wannan kam da mu zai tafi."

Washegari Isufu ya gyara salansa, ya danna bayan motar da hannu, ta taso masa, ya ce yanzu ta zama mota. Na gode wa Allah da ya nuna mini kuskurena a Kango, ba a tsakiyar dajin Kamaru ba, na kuma gode wa mutanen Nombakélé da suka rufa mini asiri ban roƙa ba. Akwatin yana cikin but, kusa da keken ɗinki. Ɗazu na ji Hajara a waya tana cewa, "Inna, ki sa a share ɗakin nan. Ranar Asabar za mu taso."